Raken da Na Sare wa Kawu Iro

Akwai wata magana da kuka tashi kuna ji a gidan nan har kuka haddace ta. In miya ta tsinke, ko tuwo ya ƙi tuƙuwa, sai wani a cikinku ya ce an yi irin ta Kawu Iro, a kwashe da dariya. Ba wanda ya taɓa ganin Kawu Iro a cikinku in ban da babbarku, ita ma a goye take lokacin. Abin da kuka sani kawai shi ne wai wani tsoho ne, wan kakarku, wanda na danƙa wa gonar rake guda ya dafa mini mazarƙwaila, tsufa ya taɓa masa kai ya lalata ta. Shekara da shekaru ina jin kuna faɗa, ina zaune ina kurɓar shayina. Tun da na iso wannan shekarar a rubutun nan, zan faɗe ta yadda ta faru, in ya so ku ci gaba da dariyar in kun ga akwai abin dariya.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi ce, aka haɗa mana da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya. Muna zaune a Abakpa, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida, ni da mahaifiyarku da mahaifiyata Inna. Ni ƙaramin akawu ne a wani ofishin gwamnati da ke kula da harkar ciniki. Kaduna ta rikice a lokacin. Wanda bai iya keke ba ya sayi babur, masinjan ofishinmu ya sayi rediyo mai kaset yana yawo da ita a kafaɗa, kowa kuma ya koma shan shayi da madara da sukarin kwali. Da ƙwayar sukari ake auna girman baƙo. In an jefa maka biyu, an san da zuwanka. In ka ga huɗu, to ka shirya, akwai abin da ake nema a wurinka. Har kokon safe da a da tsaminsa ake so, sai aka ce ba ya shayuwa sai da farin sukari. Inna ce kaɗai ta tsaya a kan bakanta, tana kwance bakin zanenta ta ɓantari mazarƙwaila ta jefa a kunu.

"Wannan farin abin naku," in ji ta, "zaƙi ne kawai ba ƙamshi. Ku sha abinku."

Aikina a ofis shi ne in karɓi takardu, in jera su, in sa musu lamba, in kai teburin maigida kafin ya iso. A cikin takardun nan na fara gane cewa yawancin sukarin da muke sha jirgin ruwa ke kawo shi, daga ƙasashen da ban san ta ina rana ke fito musu ba. Akwai masana'anta can bakin kogin Kwara da ke yin namu na gida daga rake, amma abin da take fitarwa bai isa ya jiƙa wa ƙasar maƙoshi ba. Ga jirage sun yi cunkoso a tashar Ikko. Sai sukari ya ɓace a kantuna, a yi ta layi, 'yan kasuwa su ɓoye, can ya sake fitowa da tsada. Ni kuwa in rana ta take, fanka na juyawa a sama, sai rubutun ya dushe a idona. In ga fadamar garinmu can gefen Zariya, ganyen rake na kaɗawa, hayaƙi na tashi a hankali daga bayan bukkoki, in ji ƙamshin dafuwar mazarƙwaila har cikin hancina. Ina ɗan shekara bakwai aka ɗauke ni daga garin aka kai ni makaranta, saboda haka ƙamshin kawai na taho da shi, ban taho da sanin komai ba.

Daga nan mafarkin ya fara. Na ce ga zaƙi a bayan gidanmu muna jiran jirgi. Me zai hana a dafa mazarƙwaila mai tsabta, a yanka ta ƙanana daidai da ƙwayar sukari, a jera a kwali, a kai manyan kantunan da matan ma'aikata ke shiga? Har na zana kwalin a bayan wata tsohuwar takarda, da hoton doki a jiki. Ina tafiya a hanya ina ganin motoci ɗauke da kwalayena sun nufi Kano da Jos. Na kawo zanen gida na shimfiɗa wa mahaifiyarku a tabarma. Ta juya shi sama ta juya shi ƙasa.

"Malam, kowa ya sayo wa matarsa keken ɗinki, ni an sayo mini zanen doki. Dokin ma ƙafarsa uku."

"Ɗayar tana baya," na ce.

"To Allah ya fito da ita."

Matsala guda ce. Doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya yi kasuwanci ba. A da ana kau da kai, amma a tsakiyar shekarar nan gwamnati ta canza, aka shiga korar ma'aikata. Sai mutum yana karin kumallo ya ji sunansa a rediyo, an sallame shi nan take. Wasu don cin hanci, wasu don lalaci, wasu kuma don wani ya kai sunansu ne kawai. Kullum da safe muna zagaye da rediyo ba mai tari. Duk wanda aka ji yana da wata sana'a a gefe, kashinsa ya bushe. Mai hankali da sai ya naɗe zanen dokinsa ya sa a ƙarƙashin katifa. Ni kuwa sai na tuna da Kawu Iro.

Wan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo, siriri, marar yawan magana, hannuwansa duk tabon ƙuna. Tun yana saurayi yake dafa mazarƙwaila, kuma a kasuwannin ƙasar Zazzau in mai saye ya ɗaga curi, tambayar da yake fara yi ita ce, ta Iro ce? Tasa ja ce mai haske, in ka karya ta sai ta yi ƙas, cikinta ya fito da yashi-yashi. Masu alewa da mata masu nakiyar biki ba sa son wata in akwai tasa. Ba shi da gonar kirki, ba shi da shanu. Injin matse rake yake da shi, da kasake biyu na ƙarfe, da wani tsohon doki fari da ake kira Kili, sai kuma wannan sunan. Da farin sukari ya cika gari ciniki ya ja baya, amma tsofaffin masu sayensa ba su rabu da shi ba.

Na je har gida na same shi. Na yi masa bayani mai tsawo, da jirage da tasha da kwali. Ya saurara har na gaji. Na ce zan sayi gonar rake a tsaye kusa da Kaduna, shi zai dafa, amma ko da wasa kada a ji sunana, a ce nasa ne.

"Da sunana za a yi?" ya tambaya.

"Da sunanka, Kawu."

"To. Rake dai rake ne ko a ina. In akwai ruwa kusa, zan zo."

Na sami gonar a wata fadama bayan Katabu. Katabu ta lokacin ba wannan da kuka sani ba ce, 'yan gidaje ne a bakin hanyar Zariya, da masu sayar da rake da gyaɗa ga matafiya. In ka sauka daga titi ka yi tafiyar da ba ta kai mil guda ba, sai ƙarar motoci ta ɗauke, ka shiga cikin kore. Da kaka ta wuce raken ya ƙosa, aka kawo injin a mota, Kawu kuwa ya tako da Kili a ƙasa, kwana biyu suna hanya, don ya ce dokin bai taɓa shiga mota ba kuma ba zai fara da tsufansa ba. Ya haƙa murhu, ya girka kasake, ya kafa injin a ƙarƙashin wata ɗorawa, ya ɗaura masa doguwar sandar da doki ke ja.

Makon farkon nan, ban taɓa jin daɗin duniya irinsa ba. Ana tashi daga ofis sai in hau tsohon babur ɗina, in bi ta Kawo, in miƙe. In iso in tarar Kili na zagaye, ba mai korarsa, kansa a sunkuye, ya san aikinsa. Kawu na zaune yana tura kara cikin haƙoran injin, ruwan na tsiyaya kore-kore cikin garwa. Can sai ya tace ya juye a kasko, ya hura wuta da busasshen ɓawon raken jiya. Yana tsaye da dogon ludayi yana kwashe kumfa, tururi ya rufe shi har sai ka ga kamar ba a ƙasa yake tsaye ba. Ruwan ya tashi daga kore ya koma ruwan zuma, ya yi kauri, ya fara huci. Sai ya ɗiga kaɗan a ƙwaryar ruwan sanyi, ya sa yatsa ya murza. In ya dunƙule ya yi tauri, ya sauke, ya yi ta juyawa, sannan ya zuba a ƙananan kwanonin da ya jera a ƙasa. Kafin in yi magariba sun daskare. Ni kuwa ina kwance a kan tarin ganye, ƙamshi ya cika mini kai, ina kallon sama ta tsakanin rassan ɗorawa ina gina masana'anta. Har na zaɓi inda ofishina zai kasance.

Curin farko da na kawo gida, Inna ta karya ta sa a baki, sai na ga ta share ido da gefen mayafi. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari.

"Kai wannan," ta ce, "hannun Yaya yana nan yadda na san shi."

Kawu ya aika da curi biyu wa Alhaji Bawa, wani babban dillalin mazarƙwaila a kasuwar Kaduna wanda ya shekara talatin yana saye a wurinsa. Alhaji ya aiko cewa nan da mako biyu zai zo da mota da masu alewa, duk abin da aka dafa zai kwashe.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kullum da asuba Kawu zai shiga gonar da adda, ya sari ɗan abin da Kili zai iya matsewa kafin la'asar, ya ɗauko a ka, shi ke nan. Gobe ma haka. Na duba gonar na ga ko kashi ɗaya cikin biyar ba a ci ba. Na duba bayan tsohon na ga yadda yake dafa ƙugu in ya sauke dami. Tausayi ya kama ni, gaggawa ma ta kama ni, kuma ba zan ce muku ga wanda ya fi yawa ba.

"Kawu, me zai hana a sari da yawa a ajiye?"

"Wannan ya ishi yau," ya ce, ya ci gaba da tura kara.

Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce, ta wadatar zuci. Ban sake tambaya ba, shi ma bai ƙara ba. Abin da kowane yaro a garinsu ya sani tun kafin ya yi wayo, ina zai yi tunanin sai an faɗa wa mai gemu, mai aikin ofis?

Ranar wata Juma'a aka aiko an yi masa jika, ya ce zai je suna, sai Asabar ta sama zai dawo. Ya bar Kili a hannun mai fadamar, wani manomi da aka sayi raken a wurinsa da sunan Kawu. Ranar Lahadi na je duba doki, sai na tarar da leburorin da ke gyaran hanyar Zariya suna zaune a inuwa, ranar hutunsu ce, su fi goma sha biyar, majiya ƙarfi. Na ce abin nema ya samu. A ofis abu na farko da aka koya mini shi ne kada maigida ya zo ya tarar aiki bai haɗu ba. Ka tara masa komai, ka jera, shi nasa ya zauna ya sa hannu. Na ce ai ba a fafe gora ranar tafiya. Zan sare wa Kawu gonar nan gaba ɗaya, ya dawo ya tarar da rakensa a gindin inji, ba sauran shiga raɓa da asuba, ba sauran ciwon baya.

Kafin rana ta faɗi sun kwantar da gonar. Na sa suka feƙe ganye, suka ɗaure dami-dami, suka jera layi-layi a fili. Ni da kaina na kafa turaku a bakin kowane layi na rubuta lamba da gawayi. Ana cikin haka mai fadamar ya zo ya tsaya, ya riƙe haɓa.

"Malam, Iro ne ya ce a sare?"

Na ga alamar zai ja ni da magana, ga shi ba na son a san ni ne mai abin.

"E, shi ya ce," na amsa.

Ya daɗe yana kallon tarin, ya girgiza kai, ya tafi. Na ce a raina, baƙin cikin mutanen ƙauye ke nan, ba sa son ganin tsari.

Duk makon nan kullum sai na je na zagaya layukana, hannu a baya, kamar mai duba fareti. Rana na dukansu. Wani ƙamshi mai nauyi ya fara tashi, ƙudan zuma suka taru, tururuwa ta yi hanya. Bakin karan da aka sara ya fara yin ja. Wallahi murna na yi. Na ɗauka nuna yake ƙarawa, kamar mangwaron da aka ajiye a buhu. Na dawo gida ina ba mahaifiyarku labarin yadda Kawu zai yi mamaki.

Ya kuwa yi. Ranar Asabar na riga shi zuwa, don in ga fuskarsa. Ya fito daga hanyar da ke tsakanin ciyayi, jakarsa a kafaɗa, ya tsaya cak. Ya dubi gonar da ta zama fili. Ya dubi layukan da lambobinsu. Ya ajiye jaka, ya zaro kara ɗaya, ya karya a gwiwa, ya shinshina, ya taɓa da harshe.

"Yaushe?"

"Ranar Lahadi, Kawu. Na ce kada ka dawo ka sha wahala."

"Lahadin da ta wuce."

"E."

Ya ajiye karan a hankali inda ya ɗauko shi.

"Ka sha aiki, Garba," ya ce. Ya tafi ya kwanto Kili.

Kwana huɗu ya yi yana matsa yana dafawa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, abin da bai taɓa sa dokin nan ya yi ba. Ruwan da ke fita kaɗan ne, kuma da duhu. Ya ɗiga a ƙwarya, ya murza, abin ya miƙe a yatsansa kamar danƙo, ya ƙi dunƙulewa. Ya ƙara wuta, ya yi baƙi. Ya zuba a kwanoni, gari ya waye suna nan yadda aka zuba su, ƙudaje na bi. Na ce ko wutar ce. Ya ce ba wuta ba ce. Na ce ko ruwan fadamar Katabu ne ba irin na gida ba. A rana ta uku ne ya jingine ludayin, ya dube ni, ba faɗa ba tsawa.

"Garba, rake daga an sare shi yake fara mutuwa. In ya kwana ɗaya, da sauƙi. In ya kwana biyu, sai dabara. Wanda ya kwana shida a rana, a tsotsa dai, ba ya daskarewa. Zaƙin ya riga ya juya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ko iya tambayarsa dalilin da ya sa yake ci gaba da dafawa ba, tun da ya sani. Na koma gindin ɗorawa na zauna. Kili na ta zagaye, gumi ya jiƙa masa wuya.

Ranar Laraba da la'asar Alhaji Bawa ya iso da motarsa da masu alewa biyu. A safiyar ranar an karanta sunayen mutum uku da na sani a rediyo, ɗaya teburinsa na kallon nawa. Alhaji mutum ne mai fara'a da yawan magana, wanda in ya ji abu da hantsi, kafin azahar duk kasuwa ta ji, kuma rabin manyan ofishinmu a rumfarsa suke hira. Ya taho yana wasa da Kawu tun daga nesa. Da ya iso kan kwanonin sai ya tsaya. Ya tsoma yatsa, ya ɗaga, abin ya biyo shi. Ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Iro, wannan ta wa ce?"

"Tawa ce, Alhaji."

Mai fadamar na tsaye a gefe, da ma abin na cinsa.

"Ai tun da na ga ya sa an sare gona guda ya tafi suna, na san za a rina. Ni dai ban taɓa gani ba. Ga wanda ya aiko nan, shi ya tsaya a kan leburori."

Alhaji Bawa ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne ɗan 'yar'uwarsa da ke ofishin ciniki, ko? Me ya haɗa akawu da rake?"

Maganar tana bakina. Gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba: ni na sare, bai sani ba. Na ji ta a kan harshena. Na kuma ji muryar mai karanta sunaye a rediyo, na ga ɗakunanmu biyu na Abakpa, da mahaifiyarku da goyo. Na buɗe baki ke nan Kawu ya riga ni.

"Aikensa na yi, Alhaji. Yaro ne mai biyayya, abin da na ce shi ya yi."

Na rufe bakina. Ba wanda ya rufe mini, ni na rufe.

Alhaji ya goge yatsansa da ganye. Ya dubi Kawu da irin kallon da ake yi wa marar lafiya, kuma na fi son da zaginsa ya yi.

"Allah ya sa mu gama lafiya, Iro. Kowa da ranarsa."

Masu alewar suka koma mota. Muna tsaye muna jin ƙararta har ta hau titi.

Wannan shirun na Katabu, ina iya cewa tsoro ne, kuma wanda ya ga shekarar nan zai yi mini uzuri. Amma akwai na biyu. Da na dawo gida Inna ta tambaye ni yadda aka yi da Alhaji, na ce mazarƙwailar ba ta daskare ba. Ta tafa hannu tana salati.

"Allah sarki Yaya. Ashe tsufa ya zo. Ya ɓata maka dukiya, ka yi haƙuri, kai wannan. Don darajata."

A tsakar gidan nan ba rediyo, ba Alhaji Bawa, ba wanda zai kai sunana ko'ina. Uwata ce ke ba ni haƙuri a kan laifin da ni na yi. Na ce mata ba komai, Allah ya ƙaddara. Mahaifiyarku na tankaɗe a bakin murhu, ta ɗago ta dube ni, don ta san wanda ya yi mako guda yana yabon kansa a kan saran rake. Ta mayar da kanta ta ci gaba da tankaɗenta. Har ta koma ga Allah ba ta tayar mini da maganar ba, ni ma ban ba ta ƙofa ba.

Labari ya riga Kawu isa gida. A kasuwanni aka ce Iro ya sare gona ya tafi suna, kai ya taɓu. Masu ba shi rake ya dafa musu suka koma wurin wasu. Da wata kakar ta zagayo ba wanda ya neme shi. Ya sayar da injin, daga baya ya sayar da Kili. Ni kuwa ba a taɓa karanta sunana ba. Aka ƙara mini girma, aka sake ƙarawa, na yi ritaya da fansho da takardar yabo, wadda kuka sa wa gilashi kuka rataye a falo. Farin sukari ya ci gaba da sauka daga jirgi, na ci gaba da sa wa takardunsa lamba.

Sai bayan shekara biyu na iya zuwa garin, da aka ce ba shi da lafiya. Na riƙa masa abin da ɗan birni ke riƙawa, sabulu da kwalin sukari biyu, kuma sai da na ajiye a gabansa na ga abin da na yi. Ya sa albarka ya tura su gefe. Yana zaune a tabarma da hantsi, a bayan gida inda injinsa yake a da. Da'irar da kofaton Kili ya tattake tana nan, ciyawa ba ta rufe ta ba tukuna. Ya rame ƙwarai. Muka gaisa, ya tambayi Inna da yara. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na yi ta maza.

"Kawu, ka san ba za ta daskare ba tun ranar da ka dawo. Me ya sa ka dafa?"

"In na bar shi a ƙasa, sai a tambayi wanda ya sare. In na dafa, sai a tambayi wanda ya dafa."

"Zan faɗa. Zan je wurin Alhaji Bawa, zan gaya wa Inna. Yau ɗin nan."

Ya yi ɗan murmushi, ya kaɗa kai.

"Ka faɗa a dawo mini da me? Dokin ya tafi. Kai kuwa ga iyali, ga aiki." Ya yi tari, ya huta. "Bar shi yanzu, Garba. Ka bari sai ka tsufa, lokacin da faɗar ba za ta ci maka komai ba. Sannan ka faɗa."

Na yi ta juya maganar nan a mota har Kaduna, kuma har yau ban sani ba ko sauƙi ya yi mini, ko kuwa ya gaya mini ko ni wane ne. Bai kai damina ba ya rasu. Inna ta bi shi bayan shekara huɗu, tana yi masa addu'a tana cewa Allah ya yafe masa abin da ya yi wa ɗanta. Alhaji Bawa ya tafi, mai fadamar ya tafi, fadamar ma an yanka ta filaye an gina. Duk wanda zai ji maganar nan ta amfani Kawu Iro da wani abu yana ƙarƙashin ƙasa.

Na bi umarninsa, kamar yadda ya gaya wa Alhaji, ni yaro ne mai biyayya. Na jira har na tsufa. Ga shi na faɗa, kuma gaskiyarsa ce, ba ta ci mini komai ba.